Wanda ya kashe rai, a sake shi kafin wa'adi?

Jama'a masu kallonmu, assalamu alaikum. Idan kuka bi ta ƙofar gidan kason Yamai da hantsi, za ku tarar da mata a layi, kowace da kwanon abinci ɗaure cikin ɗankwali, suna jiran ƴan Garde Nasiyonal su buɗe su duba kafin a shigar. Cikin waɗanda ake kai wa tuwon nan har da masu laifin kisa. A kansu tambayarmu ta yau take: wanda kotu ta tabbatar ya kashe rai, ya dace wata rana a ba shi damar neman fita kafin wa'adinsa ya cika?

A hirar fada ana yawan cakuɗa abubuwa. Sakin talala na wanda ba a yanke wa hukunci ba ne tukuna. Afuwar shugaban ƙasa kuwa daban take, kamar wadda Mahamadou Issoufou ya yi wa fursunoni 1,540 a watan Maris na 2020 saboda korona, har da tsohon firaminista Hama Amadou. Abin da muke magana a kai shi ne saki bisa sharaɗi. Hukuncin yana nan bisa wuyan mutum, sai dai zai ƙarasa shi a waje, bayan ya share shekaru a ciki kuma an shaidi halinsa. A gaya masa garin da zai zauna, da inda ƙafarsa ba za ta taka ba. Ya kuskure, a sake tasa ƙeyarsa.

Kundin dokokin laifuka da Nijar ta kafa a 1961 ya bambanta kisa da kisa. Wanda aka yi da gangan, ɗaurin rai da rai. Wanda aka ƙulla tun da wuri, ko aka yi da kwanton ɓauna ko guba, hukuncin kisa. Amma rabon da a zartar da hukuncin kisa a ƙasar nan tun 1976. Ke nan mutanen suna nan, suna tsufa a gidajen kason Kollo da Kutukale.

Wasu ƙasashe sun yanka lokaci. A Faransa, mai ɗaurin rai da rai yakan iya neman fita bayan shekara 18, ko 22 in ba laifinsa na farko ba ne. A Kanada, mai kisa mafi muni sai ya cika 25. Ku lura, nema muka ce, ana iya hana shi. Amurka kuwa tana da dubban mutane da aka rufe wa wannan ƙofa har abada. Ingila ta ƙara wani abu a 2020 da ya burge ni: wanda ya ƙi faɗin inda ya ɓoye gawa, dole hukumar saki ta sa wannan taurin kai a ma'auni.

To, mu a nan, abin da ke tsaya wa mutane a rai shi ne iyalan mamaci. Uwar da aka kashe wa ɗa za ta je kasuwar Katako ta yi kiciɓis da wanda ya kashe shi yana cinikin siminti? Ba ƙaramar magana ba ce. Kuma fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kansa ya daɗe da ba su bakin magana: magada su zaɓi ƙisasi, ko diyya, ko su yafe. Ko sun yafe, mai hukunci zai sa a yi wa mai kisan bulala 100 da ɗaurin shekara guda. A kisan gilla kuwa, wanda aka yaudari mutum aka kashe shi don dukiyarsa, yafewar magada ba ta aiki.

Ra'ayina, a bar ƙofar a buɗe, amma ƴar ƙanƙanuwa. Yaron da ya soki abokinsa a faɗan da ya kaure kan kuɗin babur yana ɗan shekara ashirin, in ya kai hamsin ba lallai shi ne mutumin jiya ba. Kuma fursunan da ya san babu fita ko ya gyaru, me zai hana shi tayar da ƙura a ciki? Tsakanin sunan da ya faɗo cikin jerin afuwa da mutumin da aka zauna aka binciki halinsa, aka kira dangin mamaci aka ji ta bakinsu, na fi natsuwa da na biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne sa ido. An saki mutum, ya shiga mota ya koma ƙauyensu can bayan Tahoua, tafiyar yini daga ofishin jandarma mafi kusa. Wa zai tabbatar bai kusanci gidan mamaci ba? Mai gari ne zai riƙe rajista, ko duk wata sai ya zo birni ya sa hannu? In zuwa birnin ne, kuɗin motar ma sai an faɗi aljihun da za su fito.