Sabon asusu ya haye saman jeri: gyaran matsalar NULL a ORDER BY

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi allon nan. Manhajar saƙonni ce da mutum ɗaya ke haɗa asusu da yawa a cikinta, na ofis, na kasuwa, na gida. Tsarin shi ne, asusun da saƙo ya shigo masa kwanan nan shi ke zama a sama. To ga wani asusu da aka buɗe yanzun nan, ko saƙo ɗaya bai taɓa shiga cikinsa ba, amma shi ne ya yi kane-kane a kan kowa. Abin ɗaure kan kuma, a kwamfutar mai rubuta manhajar komai lafiya lau, sabon asusun yana can ƙasa. Sai an ɗora ta a saba, wato kwamfutar da ke gudanar da ita ga jama'a, abin ke birkicewa.

Bari mu leƙa rumbun bayanai. A teburin asusu akwai gurbin last_message_at, inda ake ajiye lokacin saƙon ƙarshe. Kun ga layin sabon asusun? NULL ne a wurin, wato babu wata ƙima a gurbin.

NULL ba sifili ba ne. Ɗalibin da ya ci sifili a jarrabawa daban, wanda bai zauna ta ba daban. In malami zai jera aji daga mai maki mafi yawa, ina zai sa wanda bai zo ba? Babu makin da zai nuna masa, dole ya yanke da kansa. Haka rumbunan bayanai suka yi, kowa ya yanke nasa, domin ƙa'idar SQL, harshen da ake ba rumbunan bayanai umarni da shi, ba ta tilasta musu hanya ɗaya ba. PostgreSQL da Oracle suna ɗaukar NULL ya fi kowace ƙima girma. MySQL da SQLite da SQL Server kuwa suna ɗaukarsa mafi ƙanƙanta.

Yanzu kun gano bakin zaren. Umarninmu ya ce ORDER BY last_message_at DESC, wato daga babba zuwa ƙarami. Kwamfutar gwaji SQLite take amfani da shi, sai NULL ya koma ƙasa. Sabar tana kan PostgreSQL, sai ya haye sama. Umarni ɗaya ne, kuma babu rumbun da ya yi kuskure.

Gyaran gajere ne. Ku kalli yadda nake rubuta shi: ORDER BY last_message_at DESC NULLS LAST, id DESC. PostgreSQL ya san NULLS LAST tun sigar 8.3 a 2008, SQLite kuma sai a sigar 3.30 a 2019. MySQL ba shi da shi. A can, in kuna jerawa daga ƙarami zuwa babba kuna son NULL a ƙasa, ku fara da ORDER BY last_message_at IS NULL, sannan gurbin kansa ya biyo. Masu ƙima za su sami 0, marasa ita 1, sai su jeru a baya. Masu Django kuwa, wato kayan aikin gina manhajar yanar gizo da Python, nulls_last=True na nan tun sigar 1.11.

Wancan id ɗin da na liƙa a ƙarshe, wato lambar da ta keɓanta ga kowane asusu, ba ado ba ne. In asusu goma duk NULL gare su, sun yi kunnen doki, rumbun yana da damar fito da su yadda ya ga dama a kowane kira. Da zarar an raba jerin shafi-shafi da LIMIT da OFFSET, sai wani asusun ya bayyana sau biyu, wani kuma ya yi ɓatan dabo. Id ne ke raba gardamar.

Nan ne mutane da yawa ke tattara kayansu, alhali da sauran rina a kaba. Fihirisa jeri ce da rumbun ke ajiyewa a shirye don saurin nema, kuma wadda PostgreSQL ke ginawa in ba a ce masa komai ba, daga ƙarami zuwa babba take, NULL a ƙarshe. Karanta ta ta baya yana ba da DESC da NULL a farko. Abin da muke nema yanzu bai dace da ko ɗaya ba. Ku sa EXPLAIN a gaban umarnin don ya nuna muku matakan aikin, za ku ga matakin Sort ya fito, wato sai rumbun ya sake jera layukan da kansa. A teburin asusu mai ɗan layuka ba za a ji nauyinsa ba, amma a teburin tattaunawa mai miliyoyin layuka, sai kun ji a jikinku. Ku gina fihirisa mai gurbi uku: user_id a farko, tunda kowane mai amfani nasa kaɗai ya kamata ya gani, sai last_message_at DESC NULLS LAST, sai id DESC.

In kuma shafukanku da WHERE last_message_at < lokacin layin ƙarshe suke tafiya, ku kula. Kwatanta NULL da kowane lokaci ba ya ba da gaskiya, don haka sababbin asusun ba za su taɓa fitowa ba, komai nisan gangarawar mutum. Sai kun ƙara reshen IS NULL.

Wasu za su ce a cike gurbin da 1 ga Janairu 1970 a huta. Ni dai ban yarda da wannan ba. Wata rana wani allo zai nuna wa mutum cewa saƙonsa na ƙarshe ya zo tun kafin a haife shi. COALESCE, wato maye gurbin NULL da ranar buɗe asusu, ya fi mutunci, amma ku sani zai mayar da sabon asusu sama, don haka shawara ce ta masu tsara manhajar.

Ga gwajin da za ku rubuta: asusu huɗu, biyu masu saƙo, biyu marasa saƙo, a raba su shafi biyu, a tabbatar kowane ya fito sau ɗaya a inda ake sa ransa. Ku gudanar da shi a kan irin rumbun da sabarku ke amfani da shi.