Tauraro da Alamar Kashi: Yadda Kwamfuta Ke Tsinto Sunayen Fayiloli

Assalamu alaikum, masu kallo. Foldar da kuke gani a allo irin wadda ake samu ce a kwamfutar ofis a Garki ko Wuse, cike da rahotanni, rasidai da wasiƙu da suka taru shekara da shekaru. Idan aka ce a fito da duk rahotannin 2023, babu mai zama ya buga sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Alamomin wakilci ake amfani da su, wato alamomin da ke tsayawa a madadin haruffan da ba a rubuta ba.

A fagen buga umarni na Linux, kamar Bash, tauraro yana wakiltar haruffa ko nawa ne, har ma da babu ko ɗaya. Alamar tambaya kuwa harafi ɗaya tak take wakilta. Umarnin ls shi ke nuna jerin fayiloli, don haka ls rahoto*2023.pdf zai kawo duk fayil da ya fara da rahoto ya ƙare da 2023.pdf. Wannan tsari ya samo asali ne daga Unix na farkon shekarun 1970 a Bell Labs da ke Amurka, inda wata ƙaramar manhaja mai suna glob take yin aikin, kuma sunan ya bi shi har yau.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne wanda ke yin aikin. Muddin akwai sunan da ya dace, umarnin ls ba ya ganin tauraron. Bash ne ke fara duba foldar, ya musanya tauraron da jerin sunayen da suka dace, sannan ya miƙa wa umarnin jerin. Wannan ne ya sa tazara guda ke iya jawo asara: wanda ya yi nufin buga rm *.txt (rm umarnin goge fayil ne) amma ya bar tazara tsakanin tauraron da ɗigon, ya ba da umarnin goge duk fayilolin da ke foldar ne, kuma rm ba ya ajiye abin da ya goge a kwandon shara. Shawarata ita ce a fara sa echo, umarnin da ke nuna rubutu a allo kawai, a gurbin rm, a karanta jerin da idon basira, kafin a goge komai. Ku kuma sani cewa tauraro yana tsallake fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, kuma ba ya shiga cikin ƙananan foldoji. Idan babu sunan da ya dace, Bash yana miƙa rubutun yadda yake da tauraronsa, Zsh kuma, wani fagen buga umarni irin Bash, ya tsaya ya ba da saƙon kuskure.

Yanzu mu ɗauka an zuba waɗannan sunaye a rumbun bayanai. A SQL, harshen da ake neman bayanai da shi a rumbun, tauraro ba shi da wannan matsayi a cikin LIKE, wato kalmar da ke tsinto rubutun da ya dace da abin da aka nema. Alamar kashi cikin ɗari ce ke wakiltar haruffa da yawa, ɗan layin ƙasa kuma harafi ɗaya. A nan ne matsalar take, domin mutane da yawa suna raba kalmomin sunan fayil da layin ƙasa. Wanda ya nemi 'rahoto_2023%' zai samu abin da yake nema, amma tare da shi zai ga rahoto-2023.pdf da rahoton2023.pdf, saboda rumbun ya ɗauki layin a matsayin kowane harafi. Maganinsa shi ne a sa wata alama, misali alamar motsin rai, a gaban layin, sannan a ƙara ESCAPE '!' don rumbun ya san layin ake nufi da kansa.

Manyan haruffa da ƙanana ma ba a kallonsu iri ɗaya. Rumbun bayanai na PostgreSQL yana bambanta su a LIKE, sai dai in an yi amfani da ILIKE, wanda ba ya bambantawa. Rumbun SQLite kuwa ba ya bambanta su a LIKE, amma yana da GLOB mai aiki da tauraro irin na Unix, wanda ke bambantawa. Ga wani abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa kai tsaye: sassaucin SQLite ya tsaya ne a kan haruffan Turanci daga A zuwa Z, don haka ƙ da Ƙ haruffa biyu ne daban a wurinsa, kuma neman 'ƙaura%' ba zai kawo Ƙaura ba. Haka nan sunan da ya fara da 'yan, sai an ninka waƙafin saman sau biyu, in ba haka ba SQL zai ɗauka zancen ya ƙare a nan.

Wurin da aka ajiye alamar kashi kuma yana shafar sauri. Idan tana ƙarshe, rumbun na iya bin fihirisa kamar mai neman kalma a ƙamus ta harafinta na farko. Idan tana farko, fihirisar da aka saba ba ta da amfani, sai ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya har ya kai na ƙarshe.