Amsoshin Tambayoyinku: Kumfa a Kwalbar Ƙirji Bayan Tiyatar Huhu

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Wasiƙarmu ta farko daga wata baiwar Allah ce a Nima. Ta ce an cire wa maigidanta wani sashe na huhu a asibitin Korle Bu da ke Accra, yau kwana huɗu, amma kwalbar da aka haɗa da robar da aka saka masa a ƙirji kumfa take yi duk sa'ad da ya yi tari. Ko ɗinkin ne ya warware?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Inda aka yanka huhu, iska kan ɗan tsiyayo ta ƙananan kafofi kafin naman ya haɗe, kuma yawanci takan tsaya da kanta. Don ita aka sa robar. Bakin robar na nutse cikin ruwan kwalbar kimanin santimita 2, iska na fita amma ba ta iya komawa ciki.

Abin tsoro shi ne a toshe mata hanya. Kada a matse robar, kada ta lanƙwashe, kada ya kwanta a kanta. In iskar ta rasa mafita sai ta taru, ta danne huhu, ta matsa wa zuciya, kuma wannan na iya kisa cikin mintuna. Kwalbar ta zauna a tsaye, ƙasa da ƙirji ko da yaushe, har lokacin zuwa bayi. In numfashi ya yi masa wuya farat ɗaya, ko wuya da fuska suka kumbura, in an danna fatar ana jin ƙaras-ƙaras, a kira nas nan take.

In kumfar ta wuce kwana 5, likitoci kan ce ta daɗe. An fi ganin haka ga wanda taba ko tarin fuka ya ci wa huhu, da mai ƙarancin abinci mai gina jiki. Wani lokaci sukan ɗebi jininsa, mililita 50 zuwa 100, su zuba ta robar don ya daskare ya liƙe kafar. Komawa tiyata sai an rasa yadda za a yi. Kafin nan, ya riƙa tattaki, yana jan dogon numfashi, kuma kada ya danne tari don tsoron kumfa.

Wani malami daga Sabon Zango ya tambaya ko ana sallamar mutum da robar a jikinsa. Malam, ana yi, da ɗan bawul na Heimlich mai buɗewa waje ɗaya kawai. In robar ta fita a gida, a rufe ramin da bandeji mai tsabta, a manne gefe uku da filasta, a bar na huɗu don iska ta fita, sannan a kira lambar gaggawa ta 112.