Tatsuniyar da ba a yi sai ƙanƙara ta rufe ƙasa

Wannan laccar na kwafo ta ne daga rikodin na wani zama da aka yi da malaman firamare, gaisuwar farko da hayaniyar kujeru kawai na cire.

To malamai, wannan ɗan littafin da nake ɗagawa, na baya kuna gani? Shafi talatin da 'yan kai ne, hoto ya fi rubutu yawa, tatsuniya ce ta mutanen Ojibwe. Su da bakinsu Anishinabe suke ce wa kansu, kuma suna zaune ne a kewayen manyan tafkunan nan da ke tsakanin Amurka da Kanada, jihohin Minesota, Wiskonsin, Mishigan, sai Ontariyo da Manitoba ta ɓangaren Kanada. Mutanen ruwa ne, da kwalekwale suke shiga su kaɗe wata shinkafa da ke fitowa a tafki, manoomin suke ce mata.

Bari in fara ba ku labarin tukuna. Wenabozho, wasu su ce Nanabozho, yana tafe a bakin tafki yunwa na cinsa sai ya hango agwagi, ya ƙulla wani ƙunshi ya saɓa a baya. Agwagi suka ce me ka ɗauko haka? Ya ce waƙoƙi ne. Kai, yi mana mu taka! Ya ce to, amma da sharaɗi, kowa ya rufe ido yana rawa, wanda ya buɗe idonsa zai yi jawur har abada. Ana kiɗa ana rawa shi kuwa yana bi ɗaya ɗaya yana murɗe musu wuya, har wani ɗan tsuntsu mai nutso, shingibis, ya ji shirun ya fara yawa ya ɗan kyafta ido ɗaya, ya kwarma ihu, ku gudu yana kashe mu! Wenabozho ya bi shi ya ɗirka masa ƙafa a baya. Shi ya sa har yau idonsa ja, ƙafafunsa kuma can ƙarshen jiki, in ya hau tudu da ƙyar yake tafiya.

Na ga kuna dariya, na kuma ji wani ya ce ai Gizo ne. Wayon iri ɗaya ne, kwaɗayin ma haka, to amma a kula. Mu ba wanda ya ɗauki Gizo da wata daraja, su kuwa Wenabozho a wurinsu ba abin wasa kaɗai ba ne, shi ne dai a wani labarin bayan ruwa ya cinye duniya ya karɓi 'yar ƙasar da wani ɓeran ruwa ya nutso ya ɗebo aka ɗora a bayan kunkuru ta zama ƙasa. Irin waɗannan labaran aadizookaan suke ce musu, kuma suna da lokaci, sai hunturu idan dusar ƙanƙara ta kwanta, macizai da kwaɗi sun shige rami. Labarin yau da kullum, dibaajimowin, wannan a yi shi ko yaushe. Ku da aka hana ku tatsuniya da rana kuna yara ba sai na yi dogon bayani ba. Ni ma da ba a Janairu muke ba da na yi shakkar ba ku shi.

Matsalar littafi kenan, shi bai san damina ba bai san hunturu ba, yana kan kanta, malami ya miƙa hannu kawai ya ɗauko. Shi ya sa malamai da yawa a can suke ajiye irinsa sai ƙanƙara ta sauka, in kuma za su gayyato dattijo ya ba da labari da bakinsa sai sun miƙa masa 'yar taba, asemaa, haka roƙo yake a al'adarsu.

Suna da dalilin tsantseni fa. Henry Schoolcraft, jami'in gwamnatin Amurka ne, ya tattara labaran nan ya buga a 1839, da yawa kuma ta hannun matarsa Jane Johnston da danginta ya samu, ita mahaifiyarta Ojibwe ce. Sai mawaƙi Longfellow ya kwasa a 1855 ya gina doguwar waƙarsa, ya cire sunan Wenabozho ya liƙa masa Hiawatha, sunan da ma na wata ƙabila ce daban, Irokwa. Yaran Amurka suka yi ta haddacewa a aji, su kuma 'ya'yan masu labarin ana kwashe su zuwa makarantun kwana irin ta Carlisle da aka buɗe a 1879, inda yaro ke shan hukunci don ya yi yarensu. Sai can daga baya ne aka samu makarantu irin Waadookodaading a Wiskonsin da ake koyar da darasi cikin Ojibwe zalla.

Don haka kafin ki karanta wa aji, juya bangon baya. Wa ya ba da labarin, daga wane gari, ɗan ƙabilar ne ya zana hotunan ko kuwa wani ne ya kafa wa kowa gashin tsuntsu a ka ya huta? In ba a faɗa ba ni dai ba na saya.

Malama a baya tana tambaya ko za ta iya maida agwagin su zama zabi don yara su fi ganewa. A'a Malama, bar su a agwaginsu, zabuwa ba ta nutso, labarin zai lalace. Ki nemo hoton tsuntsun a waya ki nuna musu jan idon.