Harafin H da ke ƙirjin Montreal Canadiens

Ku dubi tambarin da ke ƙirjin rigar 'yan wasan nan da kyau. Ƙaton harafin C ja, ga ɗan H fari zaune a cikinsa, an yi musu baki da shuɗi. Na Montreal Canadiens ne, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta birnin Montreal a ƙasar Kanada, wasan nan da ake zamiya kan daskararren ruwa ana kora ɗan faifan roba da sanda. Sau 24 ta ɗauki Kofin Stanley, babban kofin wannan wasa a Arewacin Amurka, babu wadda ta kamo ta. Amma tambayi magoya bayanta ma'anar H ɗin nan, da yawa za su ce maka "Habitants". To, ba haka ba ne.

Mu koma 1909. Montreal gari ne mai harshe biyu, Turanci da Faransanci. Masu Turanci suna da ƙungiyarsu, Wanderers. Sai Ambrose O'Brien, ɗan wani attajirin ma'adinai daga garin Renfrew, ya hango kasuwa: a haɗa ƙungiya ta masu Faransanci, a sa su kara da maƙwabtansu, filin wasa ya cika. Ranar 4 ga Disamba aka kafa ta, aka ba Jack Laviolette aikin nemo 'yan wasa, ya kawo irin su Didier Pitre da Newsy Lalonde. Abin dariyar, shi mai ƙungiyar Turanci ne harshensa.

Sunan ma talla ne. A wancan zamani, in aka ce "Canadien" a Montreal, mai jin Faransanci ake nufi. Jin sunan kawai ya ishi mutum ya san ko wasan na su wane ne.

Riga kuwa ta sha sauyi kafin ta zauna. Ta farko shuɗiya ce da farin C. A 1910 George Kennedy, mai shirya gasar kokawa, ya karɓi ƙungiyar ƙarƙashin Club Athlétique Canadien, rigar ta koma ja da koren ganyen mapul. A kakar 1912 zuwa 1913 aka fito da wata mai ratsi-ratsi, ja da fari da shuɗi tun daga wuya har ƙugu. 'Yan ƙungiyar Ottawa suka yi ƙorafi, don su ma mai ratsi suke sawa, 'yan kallo na rikicewa. Daga nan aka dawo kan jar riga mai shuɗin ɗamara a ƙirji, da C, da A a cikinsa. A ɗin na "Athlétique" ne.

Jim kaɗan bayan kofinsu na farko a 1916, sunan ya koma Club de Hockey Canadien. Aka cire A, aka sa H. Hoki ke nan, ba wani abu ba.

To ina Habitants ya samo asali? Haka ake kiran manoman Faransa da suka zauna a gaɓar kogin Saint-Laurent tun ƙarni na 17, kuma daga nan laƙabin "Habs" da ake yi wa ƙungiyar ya fito. Laƙabin gaskiya ne, jingina shi ga harafin ne kuskure. Ana ɗora alhakin a kan Tex Rickard, mai filin wasa na Madison Square Garden a New York, wanda aka ce a 1924 ya faɗa wa ɗan jarida cewa H ɗin na "Habitants" ne.

Shuɗi, fari da ja su ne launukan tutar Faransa, shi ya sa ake ce wa ƙungiyar "le Tricolore", wato mai launi uku. Rigar kanta suna kiranta "la Sainte-Flanelle", wato yadi mai tsarki.

An taɓa ɗaga CH daga ƙirji. Da suka ci kofi a 1924, sai suka zana ƙwallon duniya a gaban rigar, wai su ne zakarun duniya, haruffan suka koma hannun riga. A 1925 Victoria Cougars ta doke su a wasan ƙarshe. Kakar da ta biyo, CH ya koma mazauninsa.