Shago Ya Samu Mawaƙi, Saura Mai Zane

(An gabatar da wannan lacca ga ɗaliban sakandare da malamansu a wani gari na ƙasar Ringim. An naɗe ta a waya, muka rubuto ta da ɗan gyara.)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai gari, malamai, da ku ƙannena ɗalibai, sannunku da zama cikin wannan zafi.

Maganata yau a kan littattafan labarin zane ce, waɗanda ake jera hotuna gida-gida, maganar kowa tana fitowa daga bakinsa a rubuce. Mutanenmu da yawa sun ɗauke su wasan yara, amma mawaƙan duniya ba su raina su ba. A Amurka, inda Superman ya fara fitowa a 1938, waƙar da ta fi kowace tashe a 1969 ta wata ƙungiya ce mai suna The Archies, alhali 'yan ƙungiyar zane ne kawai a takarda. Wasu ne suka rera, zane ya ɗauki sunan.

Inda abin ya fi kama jiki shi ne wajen 'yan hip-hop na New York. Yaran talakawa ne da suka tashi da karatun waɗannan littattafai, saboda arha gare su. Da suka girma sai suka ari sunayen jaruman ciki. Marigayi MF DOOM, lokacin yana raye, ba ya hawa dandamali sai da abin rufe fuska na ƙarfe, irin na Doctor Doom na kamfanin Marvel. Ghostface Killah ya sa wa kundinsa na 1996 suna Ironman. Me ya kai su? Wanda ba a jin muryarsa a gari, sai ya nemi sunan da ya fi jikinsa girma ya shiga ciki.

Nan gida ma ba a bar mu a baya ba. Dattawan da ke zaune a nan za su tuna Spear na mujallar African Film, wadda ake bi hannu-hannu har ta yage. A Legas, Wale Adenuga ya fito da mujallar zanen barkwanci ta Ikebe Super a 1976, daga cikinta Papa Ajasco ya haura talabijin. Lemi Ghariokwu ya zana wa Fela Kuti bangon faifai 26, wasunsu cike da mutane da rubutu, kana karanta su kafin ka ji kiɗan. Black Panther kuma, da ya faro a takarda a 1966, fim ɗinsa na 2022 da muryoyin Tems da Burna Boy da Rema ya fito.

To ku dawo da hankalinku filin dambe bayan an kawar da amfanin gona. Duk abin da jarumin zane yake taƙama da shi, ɗan dambe yana da shi: laƙabi, kirari, hannu naɗe da kara, layu a damtse, da abokin gaba wanda gari ke jiran ranar karonsu. Mafi yawanmu ba mu taɓa ganin Shago, shahararren ɗan damben nan, ba. Amma idan waƙar da Ɗan Anace ya yi masa ta tashi, kalangu ya ɗauka, wallahi sai ka ga mutumin a tsaye gabanka, ka ga ƙurar da ta tashi. Haka Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta. Rabin aikin, mawaƙanmu sun gama shi tuntuni. Takarda ce babu, shi ya sa yaron Jahun ya san kayan Spider-Man amma bai san kamannin Shago ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Kada kuma wani ya ce ba mu iya zane ba. Ku dubi bayan manyan motocin da ke lodi ranar kasuwar Maigatari, ku dubi allon mai aski, da zayyanar allon sauka, da lallen da ƙannenku mata ke yi da sallah.

Na san akwai maganar malamai a kan zana abu mai rai, kuma magana ce mai nauyi. Kowa ya je ya tambayi malaminsa kafin ya fara. Sannan duk wanda ya zana ɗan tauri, ya nuna jarumtar, kada ya mayar da daba abin sha'awa.

Aikin da zan bar muku ba ya buƙatar kuɗi. Ku sami kakarku ta rera muku waƙar daka ko ta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ku ninke falle ɗaya ya ba ku gida takwas, kowane baiti gidansa, amshi kuma ya riƙa dawowa da hoto iri ɗaya, yadda yake dawowa a kunne. Wanda ya fi iya zane ya haɗu da wanda ya fi iya rubutu. Idan waƙar wani sanannen mawaƙi za ku ɗauka don sayarwa, ku nemi izinin iyalansa, domin haƙƙinsu ne.

Malam ya yi mini ishara lokaci ya ƙure. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren 'yan mata.