Asibiti Ga Shi a Ƙauye, Me Ya Sa Har Yanzu Sai An Zo Birni?

Ƙarfe biyu na dare, a wani ƙauye na gabashin Sakkwato, naƙuda ta kama wata mata. Ungozoma ta yi iya yinta, jini ya ƙi tsayawa. Akwai ƙaramin asibiti a bakin gari, fentinsa sabo, amma da kwaɗo a ƙofa, domin ma'aikacin a hedkwatar ƙaramar hukuma yake kwana. Ɗan kabu-kabu kuma ya ce shi kam ba ya bin wannan hanya sai gari ya waye. Duk wanda ya san halin da yankin Isa da Sabon Birni ke ciki da 'yan bindiga ba zai ga laifinsa ba.

A cikin birni kuwa ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Asibitin Ƙwararru, ga na mata da yara na Maryam Abacha. Jiha ɗaya ce mai ƙananan hukumomi 23, amma manyan likitoci a nan suka taru.

To, daga ina wannan rata ta samo asali?

An kasa harkar lafiya a Najeriya kashi uku. Asibitocin koyarwa galibi na gwamnatin tarayya ne, manyan asibitoci na jiha ne, ƙananan cibiyoyi na sha-ka-tafi kuma tun asali aka ɗora wa ƙananan hukumomi. Wato jakin da ya fi rama shi aka ɗora wa kaya mafi nauyi, domin awon ciki da haihuwa da rigakafi da zazzaɓin yara duk a can suke farawa.

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna sakamakon haka. A Anambra, yara 76 cikin 100 sun samu dukkan muhimman alluran rigakafi. A Sakkwato, 5 kacal. Akan ce ai iyaye ne ke ƙin rigakafi. Akwai wannan, ba a musu. Amma uwar da ta goyo yaro ta yi tafiyar ƙasa cikin rana, ta tarar ba allura ko ba mai yin ta, da wuya ta sake komawa.

Ba a zauna haka ba, an yi gyara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ga yadda doka ta ce a raba shi: rabi ya tafi inshorar lafiya, kashi 20 magani da rigakafi, 15 gyaran gini da kayan aiki da sufuri, 10 ma'aikata, 5 kuma agajin gaggawa. Burin shi ne kowace mazaɓa ta samu cibiya guda mai aiki, kuma Sakkwato na da mazaɓu 244. Sai dai kuɗin bai shiga kasafi ba sai 2018. A 2022 aka sake yin dokar da ta wajabta inshorar lafiya, jihar ma tana da hukumarta ta adashen lafiya, SOCHEMA.

Ku sake duba rabon nan da kyau. Kason ma'aikata 10 ne, alhali nan ne gizo ke saƙa. Gini wata shida ya isa a gama shi, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Ungozomar asibiti kuwa shekaru ake yi ana horar da ita, kuma in an tura ta ƙauyen da ba masauki, ba wuta, ba makarantar 'ya'yanta, ba tsaro, kafin wata uku ta fara neman a mayar da ita birni. Wasu ma Saudiyya ko Ingila suke wucewa.

Inda za a ga illar rashin samun kulawa da wuri a ƙauye ido da ido shi ne Asibitin Noma da ke cikin birni. Ba noman gona ba, wata cuta ce mai zaizaye baki da fuskar yara masu tamowa. Tana farawa da ɗan kumburin dasashi, wanda maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da shi a asibitin ƙauye. In an makara, sai tiyata bayan tiyata, uwa ta bar gida ta tare a gefen gado makonni.